Idan Gari Ya Ci Gona: Sababbin Gidaje a Bayan Birnin Katsina da Abin da Suke Yi wa Muhalli

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so mai koyo ya iya:

1. bayyana dalilan da suka sa birnin Katsina ke bazuwa cikin gonakin da ke kewaye da shi;
2. bambanta awon hukuma da awon igiya;
3. lissafa yawan ruwan da rufin gida ke zubarwa, ya kuma faɗi inda ruwan ke tafiya;
4. bayyana abin da sabon gini ke yi wa gona, itatuwa, burtali da ruwan rijiya;
5. faɗin abin da doka ta tanada, da abubuwan da ya kamata mai sayen fili ya bincika kafin ya biya kuɗi.

Birni da karkararsa

Ganuwar Katsina ta kai kimanin kilomita 21 a kewaye, kuma tana da ƙofofi bakwai: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi. Waɗanda suka gina ta ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Sun haɗa da gonaki, da filin kiwo, da kududdufai, domin idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya a samu abin ci da abin sha a ciki. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shigo Katsina a 1851, ya tarar gidaje sun ci ɗan yanki ne kawai na cikin ganuwa, sauran duk sarari ne.

A wajen ganuwa kuma akwai karkara, wato gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu, saboda ana zuba musu taki. Da rani jakuna kan fita da takin gari a mangala, su komo da kara da itace da hatsi. Gari na ciyar da gona, gona na ciyar da gari. A 1967 wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Ɓatagarawa tana nazarin rayuwar manoma. A lokacin ƙauye ne mai nisan kimanin kilomita 10 kudu da birni, gonaki ne tsakaninsu. Yau wanda ya bi hanyar Dutsin-Ma da wuya ya nuna inda Katsina ta ƙare Ɓatagarawa ta fara.

> Akwatin kalmomi
> Muhalli: duk abin da ke kewaye da mutum wanda rayuwarsa ta dogara da shi: ƙasa, ruwa, iska, itatuwa da dabbobi.
> Karkara: gonaki da ƙauyukan da ke kewaye da birni.
> Bazuwar gari: yaɗuwar gine-gine daga cikin gari zuwa filayen da a da ake noma ko kiwo a cikinsu.

Abin da ke tura gari waje

Babban juyi ya zo ne ranar 23 ga Satumba, 1987, da aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, birnin ya zama hedikwata. Ma'aikata suka dawo gida daga Kaduna, aka buƙaci sakatariya da ofisoshi da gidajen kwana. Manyan makarantu kuma sun jeru a hanyar Dutsin-Ma: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, Kwalejin Ilimi ta Tarayya, Jami'ar Al-Qalam da aka kafa a 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006. Duk inda makaranta ta sauka, gidajen haya da shaguna na biye da ita. Gwamnati ta gina rukunan gidaje irin su Goruba, Barhim, Maƙera da Fatima Shema, ta kuma shimfiɗa titin zobe a bayan gari. Titi kuwa shi ne mai kiran gini: ranar da aka zuba kwalta, ranar kuɗin gonakin gefensa ke tashi.

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Katsina mutum dubu 318 da ɗoriya, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Gidan gado da ya ɗauki iyali ɗaya yanzu magada goma ne ke kallonsa. Ga al'ada ta canza, ango na son ya tare a gidansa shi kaɗai. A 'yan shekarun nan kuma matsalar tsaro ta koro mutane da yawa daga yankunan Batsari, Jibiya da Safana zuwa birni. Waɗannan duk buƙatu ne na gaskiya, kuma ba wanda zai ce wa mai iyali kada ya nemi matsuguni. Abin dubawa shi ne inda ake ginin da yadda ake yin sa. Wurare irin su Kwaɗo, Modoji, Shinkafi, Kambarawa da Ɗandagoro, waɗanda a da ƙauyuka ne masu gonakinsu, yanzu gari ya cim musu ko ya haɗiye su.

Awon hukuma da awon igiya

Hanya biyu gona ke bi ta zama unguwa. Ta farko, hukuma ta karɓi filin, ta biya diyya, masu awo su zana taswira: ga tituna, ga lambatu, ga filin makaranta, masallaci, asibiti, kasuwa da maƙabarta, sannan a yanka fulotai. Ta biyu, mai gona ko wanda ya saye ta ya kira dillali, a ja igiya, a kafa turaku, a yanka ta gunduwa-gunduwa a sayar. Wannan shi ake kira awon igiya. Ya fi araha, ana iya biya kaɗan-kaɗan, shi ya sa talaka ya fi samun fili ta nan. Illarsa ita ce kowace gona ana yanka ta ne ita kaɗai, ba a duba ta maƙwabta ba, sai lungun wannan ya je ya ci karo da katangar wancan.

> Akwatin kalmomi
> Fuloti: yankin fili da aka auna domin gina gida ɗaya. Wanda aka fi sani shi ne ƙafa 50 a ƙafa 100, wato kimanin mita 15 a mita 30.
> Hekta: fili mai faɗin mita 100 da tsawon mita 100, wato murabba'in mita 10,000. Ta kai kimanin eka biyu da rabi.
> Awon igiya: yanka gona zuwa fulotai ba tare da taswirar da hukumar tsara birane ta amince da ita ba.

*Misali na 1.* Wani manomi a gefen gari yana da gona hekta ɗaya. Fuloti ɗaya ya ci murabba'in mita 450 (15 × 30). Idan aka ware kashi 30 cikin 100 domin tituna da lambatu da filin jama'a, saura murabba'in mita 7,000. A raba 7,000 da 450, a samu fuloti 15 da ɗan saura. Dillali kuwa ya zo ya ce masa, "Baba, wannan ai asara ce. Ashirin za mu fitar, kowa ya bar ɗan lungu." Fuloti 20 sun ci murabba'in mita 9,000, an bar 1,000 kacal ga hanya da ruwa. Fuloti biyar ɗin da aka ƙara ba daga sama suka faɗo ba. Titi ne da lambatu aka sayar. Kuɗinsu ya shiga aljihu sau ɗaya, mazauna unguwar kuma za su riƙa biyan bashin kowace damina.

Gonar da ta tafi

Gonakin bakin gari sun fi na nesa daraja wajen noma, domin sun sha taki shekara da shekaru, kuma suna kusa da kasuwa. Su ne kuma gini ke fara ci. A ɗauka gonar da ke cikin Misali na 1 tana ba da buhu 10 na gero a damina mai kyau, ban da wake da harawa da kara. A shekara 20 buhu 200 ke nan. Ranar da aka zuba harsashi a kanta, wannan lissafi ya tsaya. Gonar da aka bari ta yi saura ana iya komawa a share ta, amma wadda aka yi wa daɓen siminti ta tafi ke nan.

Akwai kuma asarar da ba a cika lura da ita ba. Sau da yawa ana yanka fili, a kewaye shi da bulo layi uku, a bar shi shekara goma ana jiran ya yi tsada. Ba a noma ba, ba a zauna ba. Irin waɗannan kangaye su ke zama juji da maɓoyar ɓata-gari, su kuma tilasta wa mai neman wurin zama na gaske ya ƙara nisa cikin karkara. Manomin da ya sayar kuwa, idan bai sayi wata gona a gaba ba, kuɗin kan ƙare a aure da Hajji da babur, 'ya'yansa su koma leburanci a ginin da ake yi a kan gonar ubansu.

Makiyayi ma abin na shafarsa. Burtali hanya ce da aka bari tsakanin gonaki domin shanu su wuce zuwa makiyaya da mashaya. Mai awon igiya ba ya ganin burtali, fili yake gani. Idan aka toshe shi, garke ba shi da zaɓi sai ya bi titi ko ya ratsa gonar wani, daga nan rigima ta tashi.

Itatuwan gona

Gonar Bahaushe ba ta rabuwa da itace. Akwai gawo, kuka, ɗorawa, tsamiya, kanya, aduwa, magarya da goruba, kowanne da aikinsa: miya, daddawa, magani, abincin dabba, inuwa. Gawo ya fi su ban mamaki, domin da damina yake zubar da ganye, ya bar wa shuka rana ya kuma ba ta taki, da rani kuma ya yi kore. Saiwoyin itatuwan nan na riƙe ƙasa, rassansu na rage ƙarfin iska. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Katsina, wadda ke cikin jihohi 11 na arewacin Najeriya da ke fuskantar kwararowar hamada, waɗanda aka sa cikin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007.

Abin da aka saba gani shi ne, kafin magini ya zo, an kira masu faskare. Kukar da ta shekara ɗari takan faɗi cikin yini guda, ko da a gefen fuloti take, inda ba ta tare wa kowa komai ba. Bayan an tare sai a sayo dashen darbejiya, wadda Katsinawa ke kira bedi, a jira ta shekara biyar ko fiye kafin ta yi inuwar kirki. Kafin nan, kwano da bulo da kwalta na shan rana su riƙe zafi har dare, shi ya sa sabuwar unguwa marar itace ta fi tsohuwa zafi a watan Afrilu.

Maƙwabta a Maraɗi sun nuna cewa barin itace ya fi dasa shi sauƙi. Tun daga shekarun 1980 manoman can suka riƙa barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon su sare, abin da ake kira sassaben zamani. Ta haka aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Mai fuloti ma zai iya ɗaukar darasi a nan: a ja taswirar gida ta kauce wa itacen da aka tarar, ya zama inuwar ƙofar gida tun ranar tarewa.

Ina ruwan sama zai bi?

Wannan shi ne sashe mafi nauyi a darasin. Katsina na samun ruwan sama kimanin milimita 600 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, kuma yakan sauko ne da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Idan ya sauka a gona mai jigawa, yawancinsa ƙasa ke shanyewa. Ya nutse a hankali ya je ya ƙara wa ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda rijiyoyi ke ɗiba da rani. Idan kuwa ya sauka a kan kwano ko daɓe ko kwalta, ba shi da wurin shiga, sai ya gudu. Gudun nan kuma gangare yake bi, ba ruwansa da takardar fili.

> Akwatin kalmomi
> Ruwan ƙasa: ruwan da ke kwance cikin yashi da tsagogin duwatsu a ƙarƙashin ƙasa, wanda rijiya da burtsatse ke jawowa.
> Hanyar ruwa: kwari ko gangaren da ruwan sama ya saba bi zuwa rafi ko kududdufi, ko da a bushe yake da rani.
> Zaizayar ƙasa: kwashe ƙasar sama da ruwa ko iska ke yi, har wani lokaci ta zama kwazazzabo.

*Misali na 2.* Ƙa'idar lissafin mai sauƙi ce: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. A ɗauki gida mai rufin murabba'in mita 150. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 40 a dare ɗaya, rufin zai zubar da lita 6,000 (150 × 40). Unguwa mai irin wannan gida 200 za ta zubar da lita 1,200,000, wato cikin tankar ruwa 40 masu ɗaukar lita 30,000 kowace. Wannan daga rufi ne kawai, ba a sa na tsakar gida da na titi ba. Idan lungun unguwar ba shi da lambatu, tankokin nan 40 za su nemi gidan da ya fi kowane gangare.

Ruwan birnin Katsina na fita ne ta rafuka irin su Ginzo da Tille. A gefen Ginzo, wajen Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri, akwai lambuna da ake noman kayan miya da ganye. Duk sabon rufi da sabon daɓe da aka yi a sama, ƙarin ruwa ne ga waɗannan rafuka a ƙasa, tare da leda da dattin da ya kwaso. Ruwan da ya taru da sauri yana da ƙarfin cin gaɓa, kuma nan ne kwazazzabo ke farawa.

Kududdufan cikin gari ma suna da aikinsu. Ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa, daga baya suka zama matattarar ruwan unguwa. Gaskiya ne suna tara sauro da shara, wani lokaci har yara kan halaka a ciki. Amma idan aka cike kududdufi aka yi gini a kai ba tare da an yi wa ruwansa wata hanya ba, ruwan zai zo inda ya saba, ya tarar da ɗaki. Abin da ya faru a Jibiya cikin watan Yuli na 2018 ya isa ishara a kan ƙarfin ruwan dare ɗaya a wannan yanki: mutum fiye da 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe.

Fili mai araha da ake tallarsa a watan Maris yana iya zama tafki a watan Agusta. Tsofaffin manoman wurin sun san inda ruwa ke kwanciya. Ƙasa mai laka baƙa da ta tsattsage, da yashi mai laushi da ya kwanta a miƙe kamar an share, duka alamu ne.

Rijiya, burtsatse da masai

Ruwan famfon Katsina ya daɗe yana zuwa daga madatsar Ajiwa, wadda aka gina a shekarun 1970 lokacin da garin bai kai rabin haka ba. A 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwa na madatsar Zoɓe da ke yankin Dutsin-Ma domin ƙara wa birni. Duk da haka gini ya fi bututu sauri. Sabuwar unguwa kan dogara ne da burtsatse da 'yan ga-ruwa. A yawancin ƙasar Katsina dutse ne mai tauri a ƙarƙashi, ruwan kuma a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa yake, ba shi da yawa. Ga abin da ke faruwa: gidaje na ƙara zuƙo ruwa daga ƙasa, daɓensu kuma na hana sabon ruwa shiga. Ana ɗiba ba a mayarwa. Rijiyoyin gargajiya su ke fara ƙafewa, sannan burtsatse marar zurfi.

*Misali na 3.* Gidan da ke cikin Misali na 2 na karɓar lita 90,000 a rufinsa a shekara (150 × 600). A cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke zuba a banza da ruwan farko mai datti, saura lita 72,000. Jarka mai lita 25 sau 2,880 ke nan. Ba wanda zai iya ajiye wannan duka, amma indararo da tanki ɗaya na iya ɗauke wa gida sayen ruwan wanki da wanka tsawon damina. Ragowar kuma a bar ta ta nutse a wani yanki na tsakar gida da ba a yi wa siminti ba.

Masai kuma wata matsala ce. Shawarar masana lafiya ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya. Fuloti kuwa mita 15 ne a 30. Ko mai gida ya sa rijiya a gaba masai a baya, bai san inda maƙwabcinsa zai haƙa nasa ramin ba. A unguwar da kowa ke da rami kowa ke da rijiya, ƙazanta na iya tsiyaya daga wannan zuwa wancan, abin da ke kawo taifot da amai da gudawa. Maganin wannan ba ya hannun mutum ɗaya. Sai layi guda sun zauna sun yarda da gefen da ramuka za su kasance, ko su haɗa kuɗi su haƙa burtsatse ɗaya a wuri mai tsabta.

Inda kayan gini ke fitowa

Kowace tifar yashi rami ce a wani wuri. Ana ɗebo yashi daga cikin rafuka, burji da jar ƙasa kuma daga gonaki da tuddai na ƙauyukan kewaye. Rafin da aka kwashe wa yashi yakan zurfafa, gaɓarsa ta rufta, ta ci gonar da ke bakinsa, ruwan da masu lambu ke samu a ɗan tono kuma ya yi nisa. Ramin burji da aka bari a buɗe yakan cika da damina. Siminti ma yana da nasa nauyin: masana'antunsa na fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya wadda ake kira kabon. Ginin ƙasa na tubali da azara ya fi bulo da kwano sanyi, abin da duk wanda ya taɓa yin ƙailula a tsohon soro ya sani, sai dai yana son yaɓe da kulawa kowace shekara.

Abin da doka ta ce

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna, ya riƙe su amana domin jama'a. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka a filayen birni, ƙaramar hukuma kuma ke ba da izinin gargajiya a karkara. Gwamnati na iya karɓe fili domin amfanin jama'a, kuma diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan filin ce, kamar gini da amfanin gona da itatuwa masu amfani, ba ta ƙasar kanta ba. Wannan na cikin abin da ke sa manomi ya yi sauri ya yanka gonarsa da kansa idan ya ji gari ya matso.

A 1992 an yi dokoki biyu masu muhimmanci. Ɗaya ta tsara birane ce, wadda ta wajabta neman izini kafin a yi gini. A Katsina wannan aiki na hannun hukumar tsara birane ta jiha. Ɗayar kuma ta wajabta binciken illar aiki ga muhalli kafin a fara shi, kuma ta ambaci rukunin gidajen da ya kai hekta 50 ko fiye. A nan akwai giɓi. Gona hamsin masu hekta ɗaya-ɗaya da aka yanka da igiya sun ci fili daidai da babban rukuni ɗaya, amma ba ɗaya cikinsu da ta kai a yi mata bincike.

> Akwatin kalmomi
> Binciken illa ga muhalli: nazarin da ake yi kafin fara babban aiki domin gano abin da zai yi wa ƙasa, ruwa, itatuwa da mutanen wurin, da yadda za a rage ɓarnar.
> Zoben kore: fili da doka ta keɓe a kewayen gari domin noma da itatuwa, aka hana gini a cikinsa.

Wasu ƙasashe sun shata wa birane iyaka. Ingila ta yi dokar zoben kore na birnin Landan a 1938, kuma ya tsare gonaki da yawa, ko da yake ana kukan ya taimaka wajen tsadar gidaje. Hana gini a bayan gari ba ya aiki sai an buɗe wata ƙofar: a cike kangayen da ke cikin gari, a sauƙaƙa samun fuloti mai taswira, a kuma yarda da ginin bene inda ya dace.

Kafin a biya kuɗin fili

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Yawancin matsalolin da aka lissafa a sama ana iya ganinsu kafin a sauke bulo na farko. Mai saye ya je ya ga filin da damina, bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Ya tambayi mai unguwa da tsofaffin manoman wurin ko ruwa na kwanciya, ko burtali ne, ko maƙabarta ce ta da. Ya nemi ganin taswirar awon, ya kai ta hukumar tsara birane a tabbatar masa. Ya auna faɗin hanyar da aka bari da ƙafarsa, ya ga ko mota biyu za su gifta, ko akwai wurin lambatu a gefe. Ya tambayi zurfin burtsatsen maƙwabta da ko tana ƙafewa a watan Mayu. Idan an riga an tare a unguwar, mazauna na iya kafa ƙungiya su hana a sayar da ragowar filin jama'a, su yi gayyar yashe lambatu kafin ruwan farko, su kuma keɓe wurin zuba shara nesa da hanyar ruwa.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa magina ganuwar Katsina suka bar gonaki da kududdufai a cikinta?
2. Kawo dalilai huɗu da suka sa birnin Katsina ke bazuwa tun daga 1987.
3. Mene ne bambancin awon hukuma da awon igiya? Me ya sa mutane da yawa suka fi sayen na igiya?
4. Gona mai hekta 2 za a yanka. Idan aka ware kashi 30 cikin 100 domin tituna da filin jama'a, fuloti nawa masu murabba'in mita 450 za a samu?
5. Rufin wani gida murabba'in mita 120 ne. Lita nawa zai zubar idan aka yi ruwan milimita 35? Jarka nawa ke nan masu lita 25?
6. Bayyana hanyoyi biyu da sabuwar unguwa ke rage ruwan ƙasa.
7. Me ya sa mai gida ɗaya ba zai iya raba rijiyarsa da masai yadda ya kamata ba sai da haɗin kan maƙwabta?
8. A ƙarƙashin dokar 1978, a kan me ake biyan diyya idan gwamnati ta karɓi gona?
9. Wane giɓi ke cikin ƙa'idar hekta 50?
10. Aikin gida: a tambayi wani dattijo a unguwa abin da ke wurin kafin a gina gidajen, da inda ruwan sama ke bi a lokacin. A zana taswirar hanyar ruwan ta da, da ta yanzu, a kawo aji.